Murfin Baƙin Mai a Motar Haibirid: Yadda Ake Buɗe Shi, a Duba Shi, a Sauya Robarsa

Mutane da yawa suna ɗaukar murfin baƙin mai tamkar murfin tulu, wato abin da ake ɗorawa don kada wani abu ya faɗa ciki. A injin zamani aikinsa ya wuce haka. Cikin inji rufaffen wuri ne da ke da hanyar numfashinsa. Iska mai tsabta tana shiga ta tiyo ɗaya, bayan na'urar auna iska ta ƙirga ta, hayaƙin da ya kuɓuce ta gefen fistin kuma yana fita ta wani ƙaramin bawul da ake kira PCV, ya koma a ƙone shi tare da fetur. Murfin yana cikin abubuwan da suka toshe wannan ɗaki. Idan robarsa ta mutu, mai zai fito, ƙura za ta shiga, iskar da kwamfutar mota ba ta san da ita ba ita ma za ta shiga.

Motar haibirid, mai haɗa injin fetur da motar lantarki (wato na'urar da ke juya tayoyi da wutar batir), ta ƙara wa wannan ɗan abu nauyi ta hanyoyi biyu. Injinta yana iya tashi da kansa alhali kana tsaye a kansa, kuma yawan kashewa da kunnawa da yake yi yana hana shi yin zafi sosai, abin da kan bar alama a ƙarƙashin murfin. Misalan da ke tafe na Toyota ne, Prius da Camry, amma akasarin bayanin ya shafi sauran ma.

Kafin hannunka ya taɓa murfin

Shirun motar haibirid ba shaida ba ne cewa a kashe take. Muddin kalmar READY tana haske a gaban direba, motar a kunne take, injin hutawa kawai yake yi. Da zarar cajin babban batir ya yi ƙasa, ko kwamfuta ta ga injin ya huce, zai tashi ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Idan hakan ta faru murfi yana hannunka, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawulolin inji, da sarƙar taimin da ke juya shi za su watso maka mai. Idan kuma lokacin an riga an tsiyaye man don juye, injin zai yi gudu a bushe, wannan kuwa asarar inji ce sukutum.

Don haka a jere: ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka sa ta a P, ka taka birkin ajiya, ka danna maɓallin POWER, sannan ka duba da idonka cewa READY ta ɗauke kuma allon ya mutu. Bayan haka ne za ka sa makullin a aljihu ko ka kai shi nesa da motar, don kada yaron gareji ya shiga ya danna maɓalli yana neman rediyo. Ka lura da wannan: ɗauke makulli daga motar da ke READY ba ya kashe ta. Za ta yi ƙara ta nuna makulli ba ya ciki, amma tana nan a kunne.

Ka ba injin aƙalla minti 10 idan daga tafiya kake. Murfin roba ne mai tauri, ba ya ƙuna kamar ƙarfe, amma abin da ke kewaye da shi yana ƙuna. Wayoyi masu kauri launin ruwan goro na babbar wuta ne. Batirin Prius na 2004 zuwa 2015 yana da bolt 201.6, inbata kuma, wato akwatin da ke sarrafa wutar batirin, tana ɗaga shi zuwa 500 a samfurin 2004 zuwa 2009, zuwa 650 a na 2010 zuwa 2015. Aikin murfi bai kai ka kusa da su ba, sai dai kada ka jingina a kansu, kada ka ɗora sifana ko galan a kan inbata.

Sannan ka tabbata murfin da kake nufi ne. A ƙarƙashin bonet ɗin haibirid murafe sun fi na mota zalla yawa: akwai tankin ruwan sanyaya inji, akwai wani daban na ruwan sanyaya inbata, ga na man birki, ga na ruwan wanke gilashi. Na baƙin mai yana zaune a kan injin kansa, baƙi ne, da zanen butar mai tana ɗiga, galibi da lambar man da ya dace a rubuce. Akwai kuma wani abin da ke rikita masu sayen kaya: Prius na 2010 zuwa 2015 filtarta ta takarda ce da ke zama cikin wani murfi a ƙasan inji, wanda ake kwancewa da kofin sifana na milimita 64 a ɗaure da ƙarfin Nm 25. Wannan murfin filta ne. Idan ka aika a sayo maka murfi a kasuwar kayan mota kamar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka fayyace na sama kake so, ko ka tura hoto.

Buɗewa da rufewa

Shara ake fara yi kafin buɗewa. A ƙasarmu ƙura ba ta da lokaci, da hunturu kuwa sai ka ga ta kwanta a gindin murfin ta cakuɗe da danshin mai ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Wannan yashi ne, kuma da ka ɗaga murfin zai gangara ciki. Filta za ta kama wani, amma kafin ya kai gare ta ya riga ya bi ta kan kamshaf da famfon mai. Ka goge kewayen da tsumma, ka bi lungunan da tsohon buroshin haƙori, kana turo dattin waje.

Ka murɗa akasin tafiyar hannun agogo. Na Toyota mai zare ne, yana ɗaukar zagaye da ɗan dama kafin ya fito. Wasu kamfanoni suna yin mai kunnuwa biyu, wanda rubu'in zagaye ya ishe shi. Idan ya fito, ka kifa shi a bayansa, cikinsa yana kallon sama, a kan tsumma mai tsabta. Kada a ajiye shi a ƙasa, kada a ajiye shi a kan ragar da ke gindin gilashin gaba inda ganye da ƙura suke taruwa. Wasu kanikawa suna ɗora shi a kan maƙullin bonet, ta yadda bonet ba zai rufu ba sai an mayar da shi. Dabara ce mai kyau ga mai mantuwa, in dai ba za a bugo bonet da ƙarfi a fasa murfin ba.

Wajen rufewa, ka ɗora shi a miƙe, ka fara juya shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa mazauninsa, sannan ka ɗaura da yatsu. Zagayen farko ya kamata ya tafi salin alin. Idan ya cije tun daga farko, zaren ya hau karkace, ka warware ka sake. Da ka ji robar ta zauna, ɗan ƙarin murɗa kaɗan ya wadatar. Idan kuma irin murfin da ke yin ƙara ne in ya ɗauru, da ya yi ƙas sau ɗaya ka tsaya. Filaya ba ta da aiki a nan. Ɗaurin ƙarfi ba ya hana yoyo, matse robar yake yi har ta baje ta daina dawowa, daga nan ne yoyon yake farawa, mai motar ya ƙara ɗaurewa, abin ya ƙara lalacewa.

Idan murfin ya ƙi buɗuwa, dalili ɗaya ne cikin biyu: an ɗaure shi fiye da kima, ko robar ta bushe ta manne. Ka bar injin ya huce sarai. Ka naɗa tsumma mai kauri ko yankin tsohon tub don hannu ya sami riƙo, ka danna ƙasa kaɗan kana murɗawa a hankali, ba fizga ba. Filaya mai faɗin baki, da tsumma a tsakani, ita ce matakin ƙarshe, kuma ka sa a ranka cewa bayan haka sabon murfi za ka saya. Kada a buga da guduma da sukudireba. Murfi abu ne mai araha, murfin saman inji da yake ɗaure a jiki ba mai araha ba ne.

Robar, wadda ita ce ainihin abin

A ƙarƙashin murfin akwai zoben roba da ke zaune cikin wani ɗan kwari. Shi ne ke rufe bakin, sauran jikin murfin matse shi kawai yake yi. Zafi da tururin mai suna cinye laushinsa da shekaru. Motar da aka ƙera a 2008 ko 2012 kuma ba a taɓa sauya mata ba, da wuya robarta ta kasance da sauran rai.

Gwajin ba shi da wuya. Ka danna ta da farce. Mai lafiya tana lotsawa ta dawo. Matacciya tana da tauri kamar itace, ko ta baje ta yi daidai da bakin kwarin, ko ta yi ƙananan tsagu idan ka lanƙwasa ta. Wadda ta kumbura ta yi laɓo-laɓo kuwa, wani abu da bai dace ba ya taɓa ta, fetur ko maganin wanke birki ko man birki. Ka duba jikin murfin ma a haske: tsaga a gindin zare, zaren da ya cinye, ko kunnen da ya gutsure.

Wankewa sau ɗaya a kowane juye ya isa. Ka zaro robar da tsinke ko ɗan ƙaramin sukudireba marar kaifi, kana kula kada ka karce kwarin. Jikin murfin ka wanke shi da kananzir kaɗan da buroshi, ko ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, sannan ka shanya shi ya bushe ƙarau, don ɗigon ruwan da ya maƙale a zare cikin inji zai ƙare. Robar kuwa goge ta kawai za ka yi da tsumma. Ka goge bakin ramin da ke jikin injin, yatsa cikin tsumma, daga ciki zuwa waje. Ka shafa wa robar ɗigon sabon baƙin mai, ka mayar da ita ba tare da ta murɗe ba.

Toyota tana sayar da robar ita kaɗai, tana kuma sayar da murfin da robarsa. Ka nema da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a motocin Amurka da Turai, ko ka je da tsohon a gwada. Murafen Toyota da yawa suna kama da juna har suna hawa bakin juna, amma tsawon zare da kaurin roba suna iya bambanta, kuma lambar man da ke rubuce a kai tana iya zama ta wani injin. Na hannu na biyu da aka ciro daga tsohon inji yakan zo da robar da ta yi shekaru daidai da taka, saboda haka ko ka saye shi ka nemi sabuwar roba. Murafen ƙarfe masu ƙyalli na ado ba su da wani amfani ga inji, suna ɗaukar zafi har ba a iya taɓa su, kuma masu arahar cikinsu zarensu ba ya zama daidai.

Abubuwa uku da ake yi a gareji waɗanda bai kamata a yi ba: naɗa leda a zare, naɗa farin tef na masu gyaran famfo, da shafa gam. Leda tana narkewa, tef yana yagewa zare-zare, gam yana bushewa ya gutsure duk lokacin da aka buɗe. Dukkansu ƙasa suke gangarawa zuwa kaskon mai, su taru a ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta.

Abin da bayan murfin yake faɗa

Nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ake yawan yi wa masu haibirid mummunar fassara.

Danshin mai launin zuma ko ruwan ƙasa, ba komai. Ɗan baƙi-baƙi da ke gogewa da tsumma, shi ma ba komai. Baƙin abu mai kauri kamar kwalta, ko ɓawon da ya bushe yana ɓarewa, alamar ana wuce lokacin juye ne, ko man da ake zubawa ba shi da inganci. Ka haska tocila cikin ramin. Idan ƙarfen da kake gani launin zinariya ne ko ruwan ƙasa mai haske, da sauƙi. Idan baƙin laka ya lulluɓe shi, a rage tazarar juye, kada a yi gaggawar zuba maganin wanke inji mai ƙarfi, don yana iya ɓamɓaro dattin gaba ɗaya ya toshe ragar famfo.

Sai farin abu ko rawaya mai kama da kindirmo. Wannan ruwa ne ya cakuɗe da mai, kuma da yawa daga kanikawa da sun gan shi za su ce gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Wani lokaci gaskiyarsu ne. Sau da yawa kuwa, musamman a haibirid, ba haka ba ne. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Akasarinsa ta salansa yake fita, kaɗan yana bi ta gefen fistin ya shiga cikin inji. Idan inji ya yi zafi ya daɗe a haka, tururin yana tashi, PCV ya janye shi. Idan bai yi zafi ba, tururin yana neman wuri mafi sanyi ya kwanta, wurin kuwa shi ne murfin, don yana can sama kuma roba ne. Motar da aikinta kai yara makaranta da komowa, kilomita 3 ko 4, rabin tafiyar ma a kan lantarki cikin cunkoso, injinta bai taɓa samun damar ƙone wannan danshi ba. Da damina, ko da sanyin safiyar hunturu a wurare irin su Jos, abin ya fi fitowa. Masu ƙera motar sun san da wannan: Prius ta 2004 zuwa 2009 da aka yi wa kasuwar Amurka tana da wani tanki kamar fulas da ke adana ruwan zafi don ɗumama inji, ta 2010 kuma tana ɗebo zafi daga salansa.

Ga yadda ake rarrabewa. Ka goge murfin tas. Ka zaro ma'aunin mai: idan man da ke jikinsa garau yake, ba fari ba kumfa, kuma bai haura alamar sama ba, alama ce mai kyau. Da inji a sanyaye, ka sa alama da biro a jikin tankin ruwan inji daidai inda ruwan ya tsaya. Sannan ka hau babbar hanya ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40 ba tsayawa, inda injin zai yi ta aiki. Ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Idan murfin ya tsaya da tsabta kuma ruwan bai motsa daga alamarsa ba, danshi ne kawai, maganinsa irin wannan tafiya sau ɗaya a mako da juye a kan lokaci.

Idan kuwa ruwan yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, injin yana jijjiga da kakkarwa na 'yan daƙiƙu a tashin farko da safe, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari yana fita bayan inji ya yi zafi, ko kwamfuta ta nuna lambobin matsala P0300 zuwa P0304, masu nuna silinda ba ta ƙona fetur daidai, to a gwada gasket da gaske: a matsa wa hanyar ruwa iska a ga ko tana riƙewa, a gwada ko akwai hayaƙi a cikin ruwan, a cire fulogi a leƙa. Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da wannan ciwo idan ta yi nisan tafiya, kuma ana yawan danganta shi da toshewar hanyar EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. Abin lura shi ne gasket ɗin wannan injin yana iya lalacewa ruwa ya riƙa shiga silinda alhali murfin tsaf yake. Wato tsabtar murfi ba ta wanke gasket, kindirmo a murfi kuma bai isa ya kama shi da laifi ba. Tankin ruwa ne alƙali.

Akwai wata al'ada da ke ƙara wannan matsala: cire tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, da sunan ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin Prius yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Idan aka cire shi, ruwa yana zagaya lagireto tun inji yana sanyi, injin ya daɗe bai kai zafinsa ba, danshi ya taru, kwamfuta kuma ta riƙa barin injin a kunne tana neman ɗumama shi, man da aka sayi motar don a tsimi ya tafi. Idan kindirmo ya ƙi ƙarewa a motar da ba ta shan ruwa, ka tambaya ko tamostat yana nan.

Ka shinshina murfin kuma. Ɗan warin fetur kaɗan a motar gajerun tafiye-tafiye ba abin mamaki ba ne. Wari mai ƙarfi tare da mai da ya tsinke kuma yake hawa sama a ma'auni yana nufin fetur yana tsinka man, a juye, a duba nozul.

Yoyo: murfin ne ko wani wuri?

Jiƙa a kewayen murfi tana da tushe uku: robar murfin, man da aka zubar wajen ƙari ba a goge ba, ko matsin iska da ya yi yawa a cikin inji. Ka wanke wurin da tsumma da ɗan kananzir, ya bushe, ka barbaɗa farar hoda kaɗan da murfin a rufe, ka yi kwana biyu kana hawa. Inda hodar ta fara baƙi, nan ne mafarin. Idan daga gefen murfin saman inji ne, can ƙasa, gasket ɗinsa ne, ba ruwan murfin mai.

Idan ka sa sabuwar roba kuma mai bai daina fitowa ba, a duba PCV. Bawul ɗin da ya toshe yana tara matsi, matsin kuma yana neman mafita ta murfi, ta ma'auni, ta kowane sil. A injin lita 1.8 na Prius yana ƙarƙashin bututun shigar iska, ba a ganinsa daga sama. Mai lafiya yana ƙara kamar ƙwarya da tsakuwa idan an girgiza shi.

Gwada numfashin inji yana buƙatar injin ya tsaya a kunne, abin da haibirid ba ta yi da son ranta. A Prius ta 2004 zuwa 2015 akwai yanayin gyara. Ba tare da taka birki ba ka danna POWER sau biyu. A P, ka taka totur har ƙasa sau biyu. Ka taka birki ka sa N, totur sau biyu. Ka koma P, totur sau biyu. Duk cikin daƙiƙa 60. Allo zai nuna an shiga, sai ka taka birki ka danna POWER, injin zai tashi ya ci gaba da aiki. A wannan hali ka sassauta murfin a hankali, fuskarka a gefe, hannun rigarka nesa da fanka. Ɗan tsotso kaɗan ko ɗan bugun iska mai sauƙi daidai ne. Hayaƙi yana bulbulowa kamar bakin tukunya yana nuna PCV ya toshe ko ringin fistin sun gaji. Tsotso mai ƙarfi har murfin yana ƙin ɗagowa yana nuna PCV ya maƙale a buɗe. Da ka gama ka kashe motar, hakan ke fitar da ita daga yanayin. Ba a tuƙi a cikinsa, don yana kashe tsarin da ke hana tayoyi sulɓi, wanda ke kare motar lantarkin.

Murfin da bai zauna ba yana iya jawo lambar P0171, wato iska ta fi fetur yawa, tare da rawar inji a tsaye. Kafin a sayi na'urar auna iska ko a wanke nozul, a ɗauki minti ɗaya a duba murfin da ma'aunin mai ko sun zauna.

Lambar da ke rubuce a kai

Prius ta 2004 zuwa 2009, injin lita 1.5, tana shan 5W-30, lita 3.7 tare da filta. Ta 2010 zuwa 2015, injin lita 1.8, 0W-20, lita 4.2. Camry haibirid daga 2018 an rubuta mata 0W-16. Littafin Prius na Amurka ya yarda a sa 5W-20 idan ba a sami 0W-20 ba, a koma a juye na gaba. Injin da ke tashi sau da dama a tafiya ɗaya yana son man da ke isa sama nan take, shi ya sa 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota ba nasa ba ne. Tazarar juye ta kilomita 16,000 da Toyota ta ba masu 0W-20 a Amurka tana da sharaɗi, a hanyoyi masu ƙura ta mayar da ita 8,000 ko wata 6, kuma mu a nan muke.

Wajen ƙari, a yi amfani da mazurari mai tsabta, a cire takardar azurfar bakin galan gaba ɗaya tun daga nesa da injin. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a ma'aunin Prius mai lita 1.8 kusan lita 1.5 ne, don haka a zuba rabin lita, a jira minti 2, a auna, a ƙara. Wuce alamar sama yana tura mai ta PCV zuwa bututun iska.

Idan an manta shi, ko wani abu ya faɗa

Warin ƙonannen mai da ɗan hayaƙi daga bonet jim kaɗan bayan juye, murfi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ka tsaya, ka kashe, ka duba. Sau da yawa yana nan a gefen inji ko ya faɗa kan farantin roba na ƙasa. Ka auna man ka cika, ka goge abin da ya fantsama, musamman kan tiyo, kan wayoyi da ramukan kwayil. Kada a kai ta wurin wanki a sa mata ruwan matsi a kan inbata da wayoyin ruwan goro. Idan an yi tafiya mai nisa a hanyar ƙasa baki buɗe, a juye man da filta, ko da jiya aka zuba shi.

Idan murfin ya ɓata, aika ɗan acaɓa ya sayo wani ya fi tuƙa motar. In babu makawa, a rufe bakin daga waje da ƙyalle mai kauri a ɗaure shi tam da waya, a tafi a hankali zuwa wuri mafi kusa. Ba a cusa tsumma cikin ramin, kamshaf yana iya kama shi.

Abin da ya faɗa ciki, takardar bakin galan ko guntun roba ko ɗan noti, dokarsa ɗaya: kada motar ta shiga READY. A haska, a ciro da dogon filaya mai tsini. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama roba ko gorar ruwa. Idan ba a gan shi ba, a buɗe murfin saman inji. Haka idan an yi kuskure an zuba ruwan lagireto ko man birki ta wannan baki: a tsiyaye a wurin, a sauya filta, a zuba sabo, a sake juyewa bayan ɗan gajeren lokaci. Idan dole sai an kai ta gareji, a ɗora ta a kan motar ɗauka ko a ɗaga tayoyin gaba, domin jan haibirid da igiya tayoyinta na gaba suna juyawa a ƙasa yana sa motar lantarkin ta haifar da wuta, wadda ke iya lalata inbata.